Takalman Baba a Buhun Masara

Babana soja ne har ya koma ga Ubangiji, ko da yake tun ina firamare ya ajiye aiki. Ya yi yaƙin basasa, ya dawo ya gina ɗakuna uku a Samaru, ya haife mu mu shida. Ƙarfe biyar na asuba yake tada gida a yi addu'a, wanda ya makara kuma a tsaye zai karanta Zabura. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka Uwata yake kirana, amma wannan bai taɓa cetona daga tsayuwar ba.

Shekarar da na dawo gida na kama koyarwa, ciwon suga ya riga ya ci ƙarfinsa. Wani ɗan ƙurji ya fito masa a babban yatsan ƙafar dama, ya ƙi warkewa. Na kai shi asibiti a Shika, likita ya dube ni ya ce, "Baba ba ya jin zafi a ƙafar nan. In takalmi ya goge wurin, ba zai sani ba sai ya ruɓe. In kuwa ya ruɓe, sai yankewa." Baba ya ce, "To, likita." Na san irin wannan to ɗin, ba ya wuce ƙofar asibiti.

Tun daga ranar ban ƙara samun kwanciyar hankali ba. Ko a aji nake, da alli a hannuna, yatsan nan nake gani.

Kowane Janairu cocinmu na Sabon Gari yakan ware Lahadi guda don tunawa da 'yan mazan jiya. Tsofaffin sojoji su sa kaki, su yi maci daga ƙofa zuwa gaban bagade, su ƙame su sara, Fasto ya yi addu'a domin waɗanda ba su dawo ba. Da suna da yawa, amma a shekarar su biyar suka rage. Baba bai taɓa fashi ba.

Ran Asabar, ana gobe macin, ya fito da takalmansa na soja, ya zauna gindin mangwaro yana goge su da tsumma da ɗan yawu. Fatar ta bushe ta yi tauri kamar ƙirgi. Na matsa kusa da shi.

"Baba, likita fa ya ce kada ka sa abin da zai matse ka."

"Uwata, likitan naki ya taɓa yin maci?"

Na kai ƙara wurin Mama, ta ce, "Itacen da ban tanƙwara yana ɗanye ba, ke za ki tanƙwara shi a bushe?" Haushi ya kama ni. Da yamma, yana fita zumuntar maza ta coci, na kwashi takalman na tura su can cikin buhun masara, na ɗaure bakin. A lissafina zai yi faɗa, ya gaji, ya sa silifas ya yi macinsa, ƙafa ta tsira.

Da safe bayan addu'a ya sa kakinsa da ya sha sitaci, ya maƙala lambobinsa, ya leƙa ƙarƙashin gado. Sai ya kira ni.

"Uwata, kin ga takalmana?"

Littafi Mai Tsarki na hannuna ban ko ajiye ba, na ce, "Ban gani ba, Baba."

Ya daɗe yana kallona. Na so a ce ya yi tsawa, amma bai yi ba. Ya zura silifas, muka tari bas. Muka bi ta Kwangila zuwa Sabon Gari.

A coci abokansa huɗu suka jeru a bakin ƙofa, suka bar gurbinsa. Baba ya wuce su ya zauna kusa da ni. Shugabansu, wani tsohon saje mai ido ɗaya, ya biyo shi har benci.

"Kofur, shigo layi mana. Wa zai dubi ƙafarka?"

"Saje, ban cika shiri ba."

"Haba, a coci muke."

"Shi ya sa."

A nan na gane kuskurena. Ban san cewa soja ba ya shiga layi da rabin shiri ba, balle a gaban Allah da matattun 'yan'uwansa. Aka buga ganga, mutum huɗu suka taka. Na sunkuyar da kai don kunya, sai na ga ƙafafunsa ƙarƙashin benci suna bin kiɗan, hagu, dama, a cikin silifas. Da suka sara, hannunsa ya ɗan taso daga gwiwa, ya mayar da shi. Na so in faɗi gaskiya, amma Samaru ta yi nisa, kuma har an fara addu'a.

A hanyar komawa, muna daidai Palladan, ya ce a hankali, "Ki fitar da su kafin mamanki ta kai masarar nan niƙa." Bai ƙara tada maganar ba, kuma washegari ya sa mini albarka a addu'a kamar kullum.

Yatsan ya warke kafin Ista. Da damina hawan jini ya kwantar da shi, kwana uku ya cika. Ƙafar da na yi ta tsoro a kanta lafiya lau muka binne shi da ita. Ashe wancan ne macinsa na ƙarshe, kuma ni ce na hana shi.