Ƙari a Zauren Baba

Shekarar da na gama firamare a Roni, sunana ya fito cikin waɗanda za su tafi sakandaren 'yan mata ta kwana. Ban tafi ba. Shan inna ta taɓa mini ƙafar hagu tun ina rarrafe, da sanda nake tafiya. Da Baba ya je ya ga makarantar da idonsa, ya ga nisan da ke tsakanin ɗakin kwana da aji da wurin ɗibar ruwa, sai ya dawo ya ce ba zai kai ni inda zan wuni ina bin bayan mutane ba. Na yi kuka har na ƙi tuwo. Shi kuwa ko a jikinsa, sai ma ya aika a kira masa kafinta.

Baba tsohon malamin firamare ne, kuma ya yi karatun zaure mai zurfi kafin boko ya same shi. Ya sa kafinta ya kafa katako biyar a bangon zaurenmu, ɗaya bisa ɗaya, ya ce kowane katako shekara guda ne, kamar yadda azuzuwan sakandare suke. Na ƙasa daidai ƙuguna, na sama kuwa ko shi sai ya yi ɗage yake kai hannu. Ya ce idan na sauke su duka, duk wadda ta je makarantar kwana ta zo mu zauna a gani.

Damina guda ya kwashe yana jera littattafan nan. Lokacin kuɗin mai sun fara shigowa, an daina maganar fam da sule, tsaransa na ta neman kwangilar gina azuzuwa, shi yana zaure yana kokawa da adakar littattafai. Yau ya ɗora wannan a katako na biyu, gobe da asuba ya sauke shi ya mayar na huɗu. Abokin gardamarsa shi ne malamin asibitin garinmu, wani Kirista mutumin Filato da ya kawo masa kwali cike da littattafan Turanci. Shi yana cewa a fara mini da wasannin kwaikwayon Turawa, Baba yana cewa wanda bai san dariyar gidansu ba ba zai gane ta wasu ba. Sai su yi ta yi har shayi ya huce, Iya tana leƙowa daga cikin gida tana cewa ita dai a bar mata 'yarta ta tsince mata wake.

A ƙarshe ga yadda suka zauna. Katakon ƙasa labaran Hausa ne da waƙoƙin wa'azi na ajami. Na biyu tarihin garuruwa da labaran matafiya. Na uku waƙoƙin Larabawan dauri da ƙagaggun labaran Turanci, gefe da gefe, don wai in ga ko'ina mutum mutum ne. Na huɗu wasannin kwaikwayon da abokinsa ya nace a kansu, da littattafan hukunci da mulki. Na sama kuwa ya tara masu maganar rai da mutuwa da haƙuri, na Larabci da na Turanci. Na tambaye shi dalilin da ya kai su can. Ya ce, "Uwata, waɗannan ba a gane su sai an rasa wani abu. Ke kuwa ban da akuyarki da kura ta ɗauke, me kika taɓa rasawa?" Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Yadda aka koya masa a zaure haka ya koya mini, har littattafan Turancin. Ɗalibi ba ya buɗe sabon littafi da kansa. Malami ne zai buɗe masa, ya yi bisimilla, ya karanta layukan farko da bakinsa, sannan littafin ya zama na ɗalibi. Abin da aka karanta maka sabo a rana shi ne ƙari, kuma ba a yi maka ƙari sai na jiya ya zauna. Idan muka kai inda yake so, sai ya ce "tsaya nan", ya sa tsinken tsintsiya a shafin ya rufe. Wannan "tsaya nan" ta ci mini tuwo a ƙwarya. Daidai inda labari ya yi daɗi yake faɗinta, kuma ko zan yi birgima ba zai ƙara layi ɗaya ba. Rowar ƙari irin ta Baba ban taɓa ganin irinta ba, har na taɓa faɗa masa haka, ya yi dariya ya ce na gode Allah ban yi karatu wurin malaminsa ba.

Muna tsakiyar katako na biyu muryarsa ta fara dishewa. Aka ce sanyi ne, aka sha citta da zuma, ba ta washe ba. Malamin asibiti ya matsa masa, suka hau mota tare zuwa Kazaure, daga can aka tura su Kano. Da suka dawo na tare shi a zaure ina tambayar abin da likita ya ce. Ya zauna ya cire hula, ya yi murmushi ya ce, "Ni ma an yi mini ƙari." Na yi dariya, na ɗauka likitan ne ya yi masa dogon bayani irin na malamai. A lokacin ƙari ɗaya na sani a duniya. Ban san ana kiran abin da ke tsirowa a jikin mutum da wannan suna ba, kuma ban lura abokinsa bai yi dariyar tare da mu ba.

Daga wannan mako Baba ya canza. Mai rowar nan ya zama mai kyauta. Ya riƙa yi mini ƙari safe da yamma, bai ko tsaya ya ji na jiya ya zauna ba. Sai kuma ya fara abin da bai taɓa yi ba: ya sauko da littafi daga katako na uku, ya yi bisimilla, ya karanta mini shafin farko, ya rufe ya mayar, ya jawo na kusa da shi. Ni kuwa kaina ya kumbura. Na shiga gida na gaya wa Iya cewa Baba ya ga ƙwaƙwalwata ta wuce tsarinsa, shekara biyar ɗin nan a uku zan cinye ta. Iya tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce Allah ya sa albarka.

Wurin makwabciyarmu na ji gaskiya. Ta shigo barka da rana, ta tambayi Iya yaya mai jiki, ta ce ai ƙarin maƙogwaro sai addu'a, haka ya yi wa wanta. Ina bayan ɗaki ina wanke kwano. Nan take maganar Baba ta dawo mini, na ji ta yadda ya faɗe ta. Na ajiye kwanon, na jawo sandata.

Na same shi a zaure ya tsaya kan kujera yana sauko da littattafan katakon sama. Na ce, "Baba, ai kun ce waɗannan sai an rasa wani abu." Ya dube ni, ya gane na sani. Ya sauko a hankali ya zauna, ya ce da muryar da ta rage masa, "Ba karanta su za mu yi ba, Uwata. Buɗe miki zan yi. Idan lokacinsu ya zo, kada ki tsaya neman wanda zai ba ki izini."

Haka muka yi ta yi har kaka ta wuce. Wata rana littafi biyu, wata rana rabin shafi ya gagara, tari ya hana. Abokinsa yakan zo bayan ya tashi aiki ya zauna bakin ƙofa, ya daina gardama kwata-kwata, kuma wannan shirun nasa ya fi komai tsorata ni. Na so in ce wa Baba ya huta, amma na ga abin da ke riƙe da shi ke nan. Tsoronsa ɗaya ne, kada ya tafi ya bar mini littafi a rufe.

Saura littafi guda ɗaya a buɗe mini muryar ta ɗauke gaba ɗaya. Wani ƙaramin littafin Larabci ne a kan haƙuri, bangonsa na fata. Bayan la'asar aka jingina shi da bango, ya buɗe, leɓɓansa suka yi bisimilla ba sauti. Ya kama yatsana ya ɗora a layin farko, ya yi mini alama in karanta. Na karanta, ina tuntuɓe da kalmomi, hawaye na hana ni ganin wasula. Na kai ƙarshen shafi na dakata, na miƙa masa tsinke yadda muka saba. Ya karɓa ya juya shi a hannu, sai ya sa shi a aljihu, ya buɗe mini shafi na gaba.

Bai kai watan azumi ba. Sauran katakon ni kaɗai na hau su, a hankali, na ɗauki fiye da shekarun da ya tsara. Na sama na gane su sarai, kamar yadda ya ce, kuma da an ba ni zaɓi da na zauna ban gane ba. Yanzu na girme shi da shekaru masu yawa, jikokina na yi mini tsiya wai idan na kama littafi sai an ƙwace. Ba su san dalili ba. Har yau idan na kai inda labari ya yi daɗi nakan ɗan sassauta, in saurara, ko zan ji an ce mini in tsaya nan.