Malam Sha'aban Mai Azara da Giginyoyin Gidan Sarari

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Sha'aban a shekarar 1944 a ƙauyen Gidan Sarari da ke kusa da Zakirai. Mahaifinsa, Ja'afaru Masassaƙi, shi ne mai tsaga azara a wannan yanki, mahaifiyarsa kuwa sunanta Tahira. Ya yi karatun allo a zauren limamin ƙauyen, ya sauke Alƙur'ani a 1959, duk da cewa malaminsa ya sha faɗin cewa hankalin yaron yana kan gatari fiye da alƙalami.

Sana'a

A hannun mahaifinsa ya koyi kayar da giginya, da tsaga gungumenta da turakun ƙarfe da guduma, sannan a sassaƙe lallausan cikin da gizago, a bar baƙin bayan wanda gara ba ta iya ci. Ya kuma koyi cewa namijin giginya, wanda ba ya 'ya'ya, shi ya fi ƙarko wajen rufin soro. A 1963 su biyu suka tsaga azarar da magina suka rufe masallacin ƙauyen da ita, kuma har ƙarshen rayuwarsa babu aikin da yake alfahari da shi kamar wannan.

Aure da Iyali

A 1966 ya auri Furera, wadda sana'arta binne ƙwallon giginya ce, idan ya tsiro ta tono muruci ta dafa ta sayar. Ganin yadda ake sare giginya babu mai dasawa, sai ya roƙe ta ta bar masa ƙwallo tara a ƙasa. Ta bari, amma fa ya sha tsiya. Shekara da shekaru tana ce masa, "Malam, ga murucinka can yana ta tsawo, yaushe za mu ci?" Shi ma bai san me ya shuka ba, domin ba a gane namiji da mace sai itacen ya balaga. Allah Ya albarkace su da 'ya'ya biyar.

Gyaran Masallaci

A daminar 2012 ruwa ya ɓarke ta rufin masallacin, azara ta lanƙwashe, jama'a suka yanke shawarar rushe soron a sa kwano, tunda babu sauran giginya mai ƙwari a karkarar. Abin ya yi wa Malam Sha'aban ciwo ƙwarai, domin aikin hannun mahaifinsa ne za a zubar. Ya nemi alfarmar a jira rani. Cikin ƙwallaye taran nan da Furera ta bar masa, shida suka rayu, huɗu mata, biyu maza, kuma waɗannan biyun ya kayar. An kawo masa injin yanka ya ce a'a, injin bai san inda tsagi yake bi ba. Yana da shekara sittin da takwas ya riƙe guduma, ɗansa Kamaruddeen na riƙe masa turke, gari ya taru ana kallo ana shewa. Ranar da aka koma salla a ƙarƙashin sabon rufi, Inna Furera ta dafa muruci kwarya guda ta aika ƙofar masallaci, ta ce a gaya masa ta janye maganarta.

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa ranar Juma'a a watan Rajab na 2023, bayan gajeruwar rashin lafiya, aka yi masa salla a ƙofar wannan masallaci. Da aka zo neman itacen rufe kabari, sai Inna Furera ta nuna guntayen azarar da suka ragu daga aikin, waɗanda ya jingine a bayan rumbu, da su aka rufe shi. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar: Kamaruddeen, Sa'adiyya, Munir, Aina'u da Najib. Giginyoyi huɗun nan suna nan suna zubar da 'ya'ya, kuma duk shekara Inna Furera tana barin tara a ƙasa. Allah Ya jiƙansa da rahama.