Kashi na Uku a Kan Taga

Ni tun ina ƙarama ba ni da haƙurin dogon labari, sai Allah Ya haɗa ni da kakar da labarinta ɗaya ne tak. Baturiyar Rasha ce. Kakana ya je karatun injiniya a Leningrad, birnin da yanzu ake ce wa St Petersburg, ya dawo Zariya da takardar shaida da mata. Bayan rasuwarsa aka kai ni taya ta zama, daga ni sai ita.

In an yi magariba takan jawo kujera 'yar tsugunno gaban murhu, ko ana zafi, ta ɗora burodi a cinya, ta ciro zare. Ba ta yanka burodi da wuƙa, wai wuƙa ɓarauniya ce, tana zubar da ɓurɓushi. Takan naɗe zaren a yatsu ta raba burodin uku: nata, nawa, na ukun ta ajiye a kan taga, da safe tsuntsaye su cinye.

"Kaka, mu biyu ne fa. Lissafin ma ya tsufa?"

"Ci naki, uwar gaggawa. Tara hannu a ƙasan haɓa."

Sai ta fara, da Hausarta mai nauyin harshe. A yaƙin duniya na biyu sojojin Jamus suka kewaye birninsu fiye da shekara biyu, ba shiga ba fita. Kogi ya daskare, sai an fasa ƙanƙara ake ɗebo ruwa. Suka ƙona kujeru don jin ɗumi, suka koma kan littattafai. Shekararta bakwai. Uwarta takan bi layi ta karɓo baƙin burodi ɗan mitsitsi, ta sa zare ta raba uku: ita, Kaka, da ƙanin Kaka. Dokar gidan, mai yanka ba ya zaɓa. Wata rana uwar ta kasa tashi. Kaka ta yanka, kuma ta zaɓa.

"Sai me ya faru?"

"Sai bazara ta zo."

"Ƙanin naki fa?"

Sai ta hau gyara wutar da ba abin da ya same ta. Ni kuwa in yi tsaki in miƙe. Wace irin tatsuniya ce wannan, ba waƙa, ba ƙarshe?

Yanzu shekarata biyu a Doha, ina kwashe kwanuka a wani gidan abinci a unguwar Al Muntazah. Tsayuwa ce tun safe har ƙafa ta kumbura. Dokarsu, duk burodin da ya sauko daga tebur shara ne, ko ba a taɓa shi ba. Na yi ta ɓoye shi a jaka, ranar Juma'a in watsa wa tattabaru a Corniche, bakin teku. Sau biyu manaja yana kama ni. A na biyun ya ce, "Khalas, ya isa haka. In aka yi na uku zan kira kafil, ki koma ƙasarku." Kafil kuwa shi ne mai tsaya mini, da sunansa nake zaune a ƙasar nan.

Jiya da la'asar manajan ya zo ya tsaya a kaina. Tire cike da burodi a hannuna, wani ma da ɗuminsa.

"Yalla, maza," ya ce.

Na juye shi a shara. Aikina yana nan. Ba zan yi ƙaryar jarumta ba, na gaji, kuma ba ni da inda zan nufa.

Da na koma ɗaki, Ramatu, 'yar Zangon Kumasi da muke kwana tare, ta sayo burodi. Na zaro zare daga bakin mayafina na yanka.

"Ke, lafiyarki kuwa? Mu biyu ne fa."

"Zaɓi naki kawai," na ce.

Ta zaɓa. Na ɗauki na ukun na nufi taga, sai na tsaya da shi a hannu. Shekara da shekaru ina yi wa tsohuwar nan tsaki wai ta hana ni ƙarshen labari. Ashe kullum sai ta yanka shi a gabana ta ɗora a kan taga, kason ƙanin da bai ga bazara ba, tun kafin ta buɗe baki.