Yadda Na Ɗora wa Mama Rifkatu Mangwaron Jabu

Wataƙila na haɗa wata rana da wata, domin zaman gidan yari yana dagula wa mutum kwanaki. Amma abin da na aikata ban manta ba.

Na karanta kimiyyar sinadarai, na samu aiki a wani ɗakin gwaji a Jimeta. Ni mai tsoron kuskure ne, kwalba ɗaya sai in wanke ta sau uku. Aikina in niƙa busasshen ɗan itace, in auna ma'adinan da ke cikinsa. Bishiya tana shan abin da ke ƙasarta, saboda haka gwajin kan nuna, galibi dai, inda ta tsiro.

Da rikici ya koro mutane daga arewacin jihar, wasu mata suka sauka a unguwar Damilu, suka kama shanya mangwaron lambunan Bako. Shugabarsu Mama Rifkatu ce. Wani kamfani yana saye a hannunsu, muddin takardata ta ce na Bako ne.

Sai wani dillali ya fara yi mini ƴan kyaututtuka. Daga baya ya kawo mangwaron da ban san asalinsa ba.

Ya ce, "Malam, rubuta Bako kawai. Bishiya tana da katin zaɓe ne?"

Na yi dariya, Allah wadaran wannan dariya. Tsoro ya hana ni ƙirƙiro lambobi, sai na riƙa kwafe sakamakon Mama Rifkatu ina liƙa wa kayansa. Kamfanin ya ga lambobi iri ɗaya sak, abin da ko bishiya biyu a lambu ɗaya ba sa bayarwa. Da aka tambaye ni wanne ne jabu, na nuna nata.

Ta zo har ofis. Ta ce, "Ɗana, can da bindiga aka kore ni. Kai da biro za ka kore ni?"

Na ce mata injin ne ya faɗa. Injin! Ina kallon idonta na faɗi haka.

Aka sake gwaji a wani gari, asirina ya tonu. Na yi zamana a gidan yari na fito. Dillalin ko ƙofar kotu bai taka ba, yana nan unguwar Karewa ana gaishe shi da girmamawa. Matan kuwa kamfanin bai sake waiwayarsu ba. Ina jin haushin dillalin, amma ba shi ya sa hannu a takardar ba.

Ku matasa masu digiri, kada ku laɓe bayan na'ura. Ba ta ƙarya sai kun yi mata.

Na tuba. Wanda ya shaida wannan, in na yi kuskure ya gyara mini. Mama Rifkatu, na je Damilu aka ce kin tashi. In wannan ya iso gare ki, ki faɗa mini abin da na rage, domin ina zargin na sassauta wa kaina.