Gwangwanin Jabu a Rumfar Baba

Ranar wata kasuwar Makarfi ce, a daminar shekarar da soja suka canja launin kuɗi, na dawo daga tallan dafaffiyar gyaɗa na tarar wani kofur yana zazzage gwangwanina a gaban rumfar Baba. Sulalla suka watse cikin taɓo, kuma na sani sarai babu na kirki ko ɗaya a cikinsu. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin. Faranti ya suɓuce daga kaina ban ma ji faɗuwarsa ba.

Kowace yarinya a Nasarawan Doya da abin da take tarawa, wata kwalaben turare, wata duwatsun 'yar carafke. Ni kuwa, don neman magana, jabun kuɗi nake tarawa. Mama Saratu mai ƙosai a bakin makarantarmu ce ta fara ba ni, ranar da wani ya cuce ta da sulen dalma. Daga nan duk wadda aka yi wa haka sai ta ƙwala mini kira, "Ke Lami, zo ga naki!" In na gama shara da kai wa awaki dusa, sai in zauna gindin turmi ina jefa su kan dutsen niƙa ɗaya bayan ɗaya. Na gaske yana ƙara siririya mai ja, jabu kuwa tim yake yi ya kwanta. In ka goga shi a takarda ya bar baƙin layi, in ka ciza haƙori ya zauna. Inna ta tsani abin nan. "Tarkacen nan sai ya jawo mana magana," in ji ta, har ta rantse za ta watsa su masai. Shi ne na ɗauke gwangwanin na cusa ƙarƙashin bencin Baba a kasuwa, cikin tsummoki, ban gaya masa ba.

To, sana'ar Baba liƙin bokiti da buta da fitila ce, kuma da dalma ake liƙi. Da dalmar nan dai ake zuba jabu. Ni da nake ganin na fi kowa wayo, wallahi ko sau ɗaya ban haɗa biyun a kaina ba. Su sojojin, madara da sabulun da 'yan kasuwa ke ɓoyewa suka fito nema rumfa rumfa, sai ga dalma, ga wuta a kasko, ga jabu cike da gwangwani. Suka durƙusar da Baba cikin taɓo, hularsa a gefe, an riga an buɗe bayan motar soja. Wanda aka jefa motar nan a lokacin, ba mai ce maka ga ranar dawowarsa. Baba sai rantsuwa yake, "Yallaɓai, ban taɓa ganin abin nan ba," kuma gaskiya yake faɗi. Masu rake da masu mazarƙwaila da suka san shi shekara da shekaru duk suka sunkuyar da kai.

Ban san lokacin da na ce nawa ne ba. Kofur ya dube ni sama da ƙasa, ya ɗebo sulalla daga aljihunsa, ya juya baya ya cakuɗa da nawa. "Na gaske na zuba a ciki. Fitar da su." Na durƙusa gaban dutsen da Baba ke daddaɓa ƙarfe a kai, na fara jefa su ɗaya bayan ɗaya, na farkon ya gangara na bi shi da rarrafe. Na fitar da biyu masu ƙara. Amma akwai na uku da ya yi tim, kuma na san nawa kamar yadda na san awakinmu, wannan ba nawa ba ne. Kofur ya ce ai dole 'yar maƙeri ta gane ƙirar ubanta, ya cafki wuyan rigar Baba. Na ɗaga sulen na ce, "Yallaɓai, wannan ma jabu ne, kuma daga aljihunka ya fito."

Kofur ya karɓa, ya juya shi, ya kai baki ya ciza. Da ya ciro, ga shatin haƙorinsa a jiki. Ɗaya sojan ne ya fara tuntsirewa da dariya, ya ce, "Oga, ashe kai ma sai ka hau motar." Kofur bai yi dariya ba. Ya shure kaskon wuta, ya ce Baba ya tashi, suka kwashe gwangwanin suka wuce rumfa ta gaba.

Baba bai dake ni ba, da ma dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya goya ni a keke muka kama hanyar gida, gwiwoyin wandonsa jage-jage da taɓo, har muka wuce gonakin rake. Sai dab da gari ya ce, "Lami, kin ga yadda aka durƙusar da ni a gaban mutane?"

Yau ba mai kashe sule, jikokina ko ƙararsa ba su taɓa ji ba, masu liƙi ma roba ta kore su daga kasuwa. Mutanen garinmu har gobe suna ba da labarin yarinyar da ta ƙwato ubanta a hannun soja, ni kuwa na san wadda ta jefa shi. Har Baba ya rasu ban iya buɗe baki na ce ya yafe mini ba.