Ginshiƙin da ke Tsakiyar Zaurena

Na dawo Kano a shekarar da jirgin ƙasa ya fara isowa, bayan na daɗe tsakanin Tarabulus da Masar. Abin da ya tsaya mini a rai a can shi ne ɗakunansu: faɗi kamar fili, babu abin da ya tokare rufin a tsakiya. Na ƙudurta sai an yi mini zaure irin wannan a gidanmu na Zaitawa, kuma kafin ruwan farko.

Ƙanena magini ne, a lokacin sunansa ya fara fita. Na zana masa zauren a ƙasa da sanda. Ya auna faɗin da taku, ya girgiza kai.

"Yaya, su dutse gare su. Mu ƙasa ce da azara."

"To, hannunsu ya fi naka ne?"

Washegari ya fara kwaɓa ƙasa.

Bakan gini, wato lanƙwasar da ke ɗaukar rufi, hawa-hawa ake yinsa. A ɗora azara, a ɗaure, a yaɓe, sannan a bar shi ya bushe sarai kafin a ƙara wani. Shi yana jiran ƙasa, ni ina ƙirga kwanaki. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, na ce ya ɗora hawan ƙarshe.

"Ba ta bushe ba, Yaya."

"A Masar da tuni an gama."

"A Masar ruwa ake yi?"

Na ɓata rai, na tuna masa wane ne babba. Ya ɗora.

Zauren ya tsaya. Har daga Ƙofar Na'isa mutane suka riƙa zuwa kallo, ina ba su labarin Masar. A ruwa na uku bakan tsakiya ya tsage, har hannu yana shiga. Ƙanena da kansa ya gina ginshiƙi a ƙarƙashinsa, da rana tsaka, magina 'yan uwansa na tsaye a ƙofa. Ɗaya ya ce, "Sannu da aiki, zaurenka ya tsufa da wuri, har ya riƙe sanda." Aka yi dariya. Ina wurin. Ban ce ni na hana shi jira ba.

Daga nan ba a sake kiransa gina soro ba, sai gyaran katanga da yaɓe. Bai taɓa tayar mini da maganar ba har ya rasu. Idan ya zo gaishe ni, daga bakin ƙofa yake zama.

Baƙi kan yaba ginshiƙin, su ce ya yi ƙwari. Nakan ce musu ƙanena ya gina shi. Sauran labarin sai yau na iya faɗa, kuma duk waɗanda suka yi dariyar sun mutu.