Tsutsar da Ta Ci Muryar Goggo Laraba

Duk unguwar Takur ta Dutse an san Malam Barau Bubayero da hali biyu: saurin fushi da rashin iya ce wa ɗan'uwa a'a. Yadda mutum ɗaya ya haɗa su, Allah kaɗai Ya sani. Shekara talatin da biyu ya yi yana malamin dabbobi, yana yawo a babur daga ruga zuwa kasuwar ƙauye, yana yi wa shanu allura, yana yi wa masu su faɗa. Da ya yi ritaya ya rasa wanda zai yi wa faɗa, sai ya koma kan kwamfuta.

Kwamfutar ta tebur ce, tsohuwa, 'yarsa Munira ta bar masa da ta yi aure ta koma Limawa. Ita ta karanci harkar, kuma ita ke kula da na'urorin wani ofis a cikin gari. Ta koya masa kunnawa da kashewa, da yadda ake kwaso murya daga waya a zuba a ciki. Wannan na ƙarshen shi yake so, don akwai aikin da ya sa a gaba.

Goggo Laraba, ƙanwar mahaifinsa, ita kaɗai ta rage da ta san asalin gidansu: wa ya haifi wa, daga ina aka taso, a bakin wace rijiya aka shekara bakwai kafin a sauka Miga. Damina biyu Malam Barau yana zuwa Miga, ya ajiye waya a gabanta tana ba da labari. Zama goma sha huɗu suka yi, bayan na ƙarshen da wata uku ta rasu. Wayar kuwa ta daɗe da faɗawa cikin bokitin wanki. Muryar Goggo ta koma sai a kwamfuta.

To, a gidansu ba a tara shanu a garke ɗaya. Akan ba ɗan'uwa aron saniya ya kiwata, in annoba ta share naka, ga iri can a hannunsa. Kuma wanda ya bayar ba ya zuwa ya ce a dawo masa da ita, abin kunya ne. Haka Malam Barau ya yi da muryar Goggo. Ya sayi filashi da yawa, 'yan ƙananan ma'ajiyar nan da ake sokawa a kwamfuta, ya zuba ta a ciki, ya rarraba wa dangi. Su kuma ba ajiyewa suka yi ba. Wannan ya soka nasa a rediyon mota, wancan ya kai shagon buga takardu, wani ya cika shi da hotunan biki. Daga nan sai su dawo da su wurinsa a ƙara musu sabon zama, ko a sa musu tafsiri. Shi kuma ya yi ta mita yana sokawa a kwamfutarsa.

Wata ranar Talata kwamfutar ta fara ja da ƙafa. Ya danna abu, sai ya je ya yi alwala ya dawo bai buɗe ba. Da ya duba wurin da yake ajiye muryar Goggo, ya tarar da wasu 'yan hotuna masu kibiya, in ya danna ba abin da ke fitowa. Ya buga tebur, ya zagi wanda ya ƙera na'urar, ya kira Munira.

Ranar Asabar ta zo. Ta fara zare wayar intanet, ta tayar da kwamfutar ta hanyar da ba abin da zai motsa a cikinta sai wanda ya zama dole, sannan ta sa manhajar kashe bairos ta bi ta lungu-lungu.

“Baba, tsutsa ce,” in ji ta. “Irin cutar da ke kwafar kanta daga na'ura zuwa na'ura. Ta filashi ta shigo.”

“Filashin wa?”

“Wa ya sani? Ƙofar nan taka ta fi ta masallacin Juma'a baƙi.”

Ya harare ta, sai kuma ya ga tana fito da fayilolin da tsutsar ta ɓoye ɗaya bayan ɗaya. Duk sha huɗun suna nan. Ta ce bari ta ajiye kwafi a intanet, ya ce atafau maganar gidansu ba za ta je hannun baƙi ba. Ta ce to a karɓo filashin dangi a wanke su, ya ce shi da girmansa ba zai bi gida-gida yana karɓar abin da ya bayar ba. Munira ta dafe kai.

“To na roƙe ka abu ɗaya, Baba. Asabar mai zuwa zan kawo sabon filashi in kwashe su. Kafin nan, ko na wane ne, kada ka soka.”

“Ni za ki koya wa killace mara lafiya? Kafin a haife ki nake yi.”

Gaskiyarsa ce. Ya taɓa hana garke guda shiga kasuwa saboda saniya ɗaya tana tari, masu shi suna zaginsa bai ko gezau ba. Amma waɗancan ba danginsa ba ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga Alhaji Sale, ɗan baffansa wanda ya girme shi da shekara goma, ya shigo yana dogara sanda. Suka gaisa, aka sha fura, Alhaji ya laluba aljihu ya zaro filashi, ya ce a ƙara masa tafsiri. Malam Barau ya kalli abin kamar an miƙo masa kunama. Ya buɗe baki zai ce, “Yaya, naka yana da cuta,” maganar ta ƙi fita. Ina ake gaya wa babba haka a cikin gidanka, da ƙwaryar fura a hannunsa? Ya yi tsaki a zuci, ya karɓa, ya soka, ya danna abin da ya gani.

Washegari Munira ta zauna gaban kwamfutar ta duba, ta ɗago ta kalle shi. Wannan tsutsar ba irin ta farko ba ce. Ba ɓoyewa take yi ba, duk fayil na murya da ta samu sai ta cinye cikinsa ta zauna da sunansa. Sunaye sha huɗu na nan reras, ba ko tari a cikinsu.

“Kwana bakwai kawai na ce, Baba.”

“Yaya Sale ne!” Ya faɗa da ƙarfi kamar ita ta yi laifin. “Me kike so in ce masa?”

Ta kashe tsutsar, wannan bai ba ta wahala ba. Abin da aka cinye ne ta yi ta ƙoƙarin dawowa da shi har la'asar, bai dawo ba.

Abin da ya ce ba zai yi ba, shi ya yi. Mako guda yana yawo a babur gida-gida yana karɓar filashinsa. Wani ya ce ya ɓata, wata ta ce ashe dama aro ne, Alhaji Sale ya daina amsa gaisuwarsa da kyau. Ya tattaro takwas, Munira ta duba su ɗaya-ɗaya a na'urar da ta tanada don haka. Dukkansu sun sha yawo, dukkansu sun kamu. Ga hotunan biki lafiya lau, muryar Goggo babu. Malam Barau ya ji takaicin da bai taɓa ji ba, kuma babu wanda zai yi wa faɗa sai kansa.

Labarin yawon nasa ya kai Miga. Yaya Zinariya, babbar 'yar Goggo, ta aiko a ce masa in abin nan nasa yake nema, yana nan. Da ya je ta janyo kwalla daga ƙarƙashin gado, ta kwance ƙullin tsumma uku kafin ta kai gare shi.

“Ka ce in ajiye, na ajiye,” in ji ta. “Ni ban ma san ta ina ake buɗe shi ba.”

Bai tsaya cin abinci ba ya juyo Dutse. Munira ta duba filashin sau biyu, ta ce lafiyarsa ƙalau. Sai dai tun farkon aikin Malam Barau ya ba Yaya Zinariya shi, zama uku ne kawai a ciki.

Munira ta kwafe su wuri uku, har da intanet, wannan karon bai yi musu ba. Sannan ta kunna masa. Ya zauna ya saurara tun azahar, bai motsa ba sai da zai yi salla. Goggo ta taso da su daga gabas, ta lissafa kakanni biyar, ta kawo su bakin rijiyar nan. Can wajen ƙarshen zama na uku aka ji ta yi hamma, kaza na kuka a bayanta.

“Na gaji, Barau,” in ji muryar. “Kashe abin nan. Ka dawo jibi in ba ka sauran, ai ina nan.”